Maigidana ya dage shi zai yi fentin tagogin da kansa, ni kuma ga ciki ga ƙaramin yaro

"Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Bara muka sayi gida a Manchesta, irin tsofaffin nan na jan bulo da suke jere manne da juna, a takarda an ce wajen 1890 aka gina shi. Tagogin katako ne masu hawa da sauka, guda tara, huɗu a ƙasa biyar a sama, fentinsu duk ya ɗaɗɗare yana zuba, biyu ma basa buɗuwa sam. Mun kira mai fenti ya ce fam 4,200 harda sikafol, ƙarafan da ake kafawa a hau a yi aikin sama. Baban Hanif na jin kuɗin ya buga su a naira ya ce wallahi bazai bayar ba, shi da ya yi wa gidansu na Funtua fenti tas shi da ƙannensa kafin bikinmu. Har ya sayo injin sanfefa da fenti yana jiran hutun watan Mayu. Ni kuma cikina wata biyar, Hanif shekararsa biyu komai ya gani sai baki. Hankalina bai kwanta ba amma in na yi magana sai ya ce na raina shi, kuma kuɗin gaskiya muna buƙatarsu, ga haihuwa ga na gida da ake turawa. Ya zanyi?"

Wa alaikumus salam Maman Hanif, Allah ya sanya albarka a gidan, ya sauke ki lafiya. Sau biyu na karanta saƙonki, wajen injin sanfefar nan ne gabana ya faɗi, dan haka da shi zan fara tun kafin maganar kuɗi ko ta raini. Injin nan kar ya taɓa tagogin nan ko sau ɗaya, in rasit ɗinsa na nan a mayar wa masu shago tun kwanakin mayarwa basu ƙare ba.

Dalma nake ji miki tsoro. Gidan 1890 zamanin Sarauniya Biktoriya kenan, tagoginsa sun sha fenti hannu kan hannu sama da shekara ɗari, kuma fentin katako na wancan lokacin da dalma ake haɗa shi, ita ke sa shi ƙarko da jure ruwa. Har shekarun 1960 ana shafa shi sosai a gidajen Birtaniya, ba a hana sayar wa jama'a shi gaba ɗaya ba sai 1992. Wannan farin da kike gani a sama yana ɗaɗɗarewa ƙila na kwanan nan ne ba komai a cikinsa, abin yana can ƙasa a hannu na biyar ko na takwas. Muddin yana rufe ba a taɓa shi ba to da sauƙi, amma ranar da aka ɗora masa inji aka niƙe shi ya zama gari, ƙurar nan ta fi fulawa laushi, zata shiga kafet da labule da kujeru da tsakanin katakon daɓe, ta kwanta kan kayan wasan Hanif, tsintsiya kuma bata kwashe ta sai dai ta tada ta sama, huba ta gida, wato injin shara, ma haka, ta zuƙa ta gaba ta feso ta baya.

Mu ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba, mun gani a Zamfara a 2010. Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka rasu, kuma ba wani abu aka basu suka ci ba, dutsen zinare ne iyaye ke kawowa cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida, yara na rarrafe suna kai hannu baki. Iyayen nan halal suke nema wa 'ya'yan, ba wanda ya sani. Ban ce miki abin zai kai irin na can ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce, ƙura sai hannu sai baki. Hukumar lafiya ta duniya ta faɗa ƙarara babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce wannan ba komai. Kaɗan-kaɗan ɗin nan bata zuwa da zazzaɓi balle uwa ta lura, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwa, sai yaro ya shiga makaranta a ga karatu na masa wuya ko baya iya natsuwa, kuma abin da ta ɓata baya dawowa. Ke kuma mai ciki abin da ya shiga jininki yana ratsa mahaifa ya kai ga na cikin. Hankalinki da bai kwanta ba yana da gaskiya 'yar uwa.

Abin da za a fara yi, kuma shi zai yi da hannunsa, gwaji ne. A shagunan kayan gini da intanet ana sayar da ɗan tsinken gwajin dalma, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma akwai yadda ake yi, in saman fentin kawai ya goga zai nuna masa lafiya lau ya zo yana ce miki kin gani ko. Wuƙa mai kaifi zai sa ya yanka fentin a karkace har ya taɓo katako, yadda duk hawa-hawan zasu fito kamar an yanka albasa, sannan ya goga tsinken a wajen ya ga ko zai canza kala. Kowace taga a gwada ciki da waje dan ba lallai tarihin fentinsu ɗaya ba. Wanda ya fi tabbas a ɓamɓaro ɗan ɓawon fentin a ƙulle a leda a tura ɗakin gwaji, ni dai a gida mai wannan shekarun ko tsinken bai nuna ba ɗauka zanyi akwai har sai ɗakin gwaji ya ce babu. Lokacin yankan ki ɗauki Hanif ku fita.

Kafin nan ma, ɓawon da kika ce yana zuba yanzu shi ma abin kula ne. Baban Hanif ya riƙa goge dakalin tagogin da ƙasansu da jiƙaƙƙen tsumma yana jefarwa, banda shara, a matsar da gadon yaron da kayan wasansa daga jikin taga, a wanke masa hannu kafin ya ci komai. Ki faɗa wa ungozomarki a awo na gaba cewa tsohon gida kuke kuma fenti na zuba, in ta ga da buƙata likita zai sa a gwada jini.

To yanzu maganar Funtua. Ban raina aikin da ya yi ba, wanda ya yi wa gida guda fenti yana da hannu kuma ba rago bane, kuma zamu mori hannun nan. Amma bangon siminti da rola, a garin da in ka shafa da hantsi kafin azahar ya bushe, daban yake da wannan. Tagar nan da suke kira sash kusan inji ce ta katako, tun ƙarshen ƙarni na 17 suke yinta a Ingila. Ganye biyu ne na sama da na ƙasa kowanne na zamewa a hanyarsa, a cikin firam ɗin gefe da gefe akwai rami, cikin ramin akwai dogon ƙarfe mai nauyi kamar 'yar taɓarya, an ɗaure shi da igiya ta bi ta kan 'yar taya a sama kamar ta rijiya ta sauko ta kama ganyen. Nauyin ƙarafan daidai yake da na ganyen, shi yasa in taga na da lafiya da yatsa biyu zaki ɗaga ta kuma ta tsaya inda kika barta. Tsakanin ganyen da hanyarsa ratar 'yan milimita ce, duk hannun fentin da aka ƙara inda bai kamata ba ratar nan yake ci. Biyun nan naku da basa buɗuwa, mafi yawan lokuta ba lalacewa bace, wani ne a baya ya shafe su a rufe ya tafi fentin ya zama gam. Kuma in a ɗakin kwana suke wannan ba ƙaramin abu bane, Allah ya kiyaye gobara, taga hanya ce.

Mu ma abin ya taɓa cin mu. A 2007 muka shiga namu gidan a Lesta, tagogi bakwai irin naku, aka haɗa mu da wani mai araha, ba takarda ba komai, kwana uku ya gama duka bakwai gida ya yi fes muna ta murna. Hunturu biyu kawai, wata safiya ina goge tagar falo na ga fentin dakalin waje ya kumbura kamar ƙuna, na danna da yatsa ruwa ya fito. Maƙwabciyarmu ta kira mana wani dattijon kafinta Bature, ya zo bai ce uffan ba ya ciro sukudireba daga aljihu ya soka a kusurwar dakalin, ta shige har rabi kamar cikin dafaffen rogo. Ashe wancan kan ruɓaɓɓen katako ya shafa, ya kulle ruwan a ciki. Dattijon ya ɓalle wani siririn katako a gefe ya zaro ganyen gaba ɗaya ya kwantar a kan tebur, ya buɗe wata 'yar ƙofa a jikin firam da bamu taɓa sanin tana nan ba, ya zura hannu ya fito da ƙarfen baƙi ƙirin da guntuwar igiya a wuyansa, hannunsa duk baƙar ƙurar kwal ta shekara da shekaru. Da ya yanke ruɓaɓɓen ya kai ga lafiyayyen katakon sai ga shi ja-ja, zanensa a matse, ƙamshin ƙaro na tashi kamar jiya aka sare shi. Ya ce min irin wannan katakon yanzu ko da kuɗinka wuyar samu yake, kar mu yarda wani ya ce mu cire mu zubar. Abin da muka biya a gyaran ya wuce abin da muke ganin mun tsira da shi nesa ba kusa ba.

Kinga kenan ba cewa nake duk wanda ya zo da farar riga da mota mai rubutu a jiki gwani bane. Baban Hanif in ya bi a hankali zai iya fin wancan namu aiki, dan gidansa ne bazai rufe ruɓa ya tafi ba.

Inda matsalar take, shafa fentin shine ƙaramin aikin. Sai an wanke, an kankare duk wanda ya saki, an bi katakon da sukudireba lungu-lungu, musamman dakali da ƙasan ganyen ƙasa da mahaɗar kusurwa, nan ruwa ke kwana. A nan ƙasar ba gara ke cin katako ba, ruwa ne. In ruɓar kaɗan ce a rarake a cike da rezin, wani ƙullu mai ƙandarewa, in ta yi nisa sai kafinta ya yanke ya dasa sabon katako. Sai fotin gilashi, wato ƙullun nan da ke riƙe gilashin a jikin katako, tsohon ya bushe ya tsattsage ta nan ruwa ke silalewa ciki, kuma cire shi sai da lallami dan gilashin da can siriri ne, irin wanda in kin duba ta cikinsa zaki ga titi na ɗan rawa, in ya fashe ba a samun irinsa a shagon unguwa. Sabon foti na man linsid kuma yana son makonni kafin ya yi fatar da za a shafa masa fenti. Sannan firaima, wato fentin farko mai kama katako, a duk inda katako ya fito tsirara, hannun ƙasa, hannun sama sau biyu, in mai mai ne kowane hannu sai ya kwana kafin a ƙara, ga shi ana son katakon a bushe, sanyi kar ya yi ƙasa da digiri 10, ruwa kar ya sauka. Ke kin san sararin Manchesta. Mu da maigidana da muka koya muka yi na ƙasa da kanmu bayan wasu shekaru, taga ɗaya ta ci mana ƙarshen mako biyu cur, kuma ita ba ruɓa a jikinta. Ki lissafa tara, mutum ɗaya mai zuwa aiki, daga Mayu zuwa Satumba ne kawai lokacin, ke kuma haihuwarki wajen Agusta. Abin da nake hangowa jariri ya iso gida tagogi uku a kankare tsirara, leda a manne, hunturu na tahowa.

Biyar ɗin sama kuwa ni ko muhawara bazan yi a kansu ba. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar nan tsani na gajeren aiki ta ɗauke shi, wanda bai wuce minti 30 ba, shi kuma wuni zai yi a kai, hannu ɗaya burushi ɗaya abin kankara, yana miƙa jiki gefe dan ya kai kusurwa. Gaskiya ne ana iya zaro ganyen ta cikin ɗaki a shafa shi a tebur, amma firam na waje da dakali suna nan inda suke. Baban Hanif ke ɗauke da ku da na gida, masu bin ku kuɗin gida kuma basa jiran ɗori ya kama.

Shawarata a raba aikin. Duk abin da ya shafi taɓa tsohon fenti a tagogi taran, da buɗe biyun da suka manne, da canza igiyoyi, da ruɓa, da foti, da biyar ɗin sama gaba ɗayansu, a ba mai sana'a. Huɗun ƙasa kuma a miƙa wa Baban Hanif su a gyare an sa musu firaima, shi ya yi hannun ƙasa da na sama. Ku ce mai fentin ya sake rubuto farashin a rarrabe, kuɗin sikafol nawa, shiri nawa, shafa nawa, kowace taga nawa, sai ku ga abin da zai ragu in an cire rabonsa. In har yanzu ya yi nauyi a raba shekara biyu, bana a yi fuskar gidan da ta fi jin jiki, yawanci wadda ke kallon kudu ko yamma ce dan ta nan iska da ruwa suke bugowa, baɗi a yi ɗayar. Kwanakin da za a yi kankarar kuma ke da Hanif ku tafi gidan 'yan uwa ko ƙawa, kar ku dawo sai an gama an goge ko'ina da ruwa.

Fam 4,200 ɗin nan shi kaɗai baya gaya min tsada ne ko araha, sai na ga me ke cikinsa. In harda sikafol da foti da igiya da kula da dalma, ban ga zalunci ba. In wanke-shafa ne irin na mutuminmu, ko rabinsa ya yi yawa. Ku kira mutum uku kowa ya rubuto nasa, akwai TrustMark, rajistar masu sana'a da gwamnati ta amince da ita, da kuma ƙungiyar masu fenti ta Painting and Decorating Association, ana duba sunayen mutane a shafukansu. Tambayar da zata raba miki aya da tsakuwa guda ɗaya ce, me zaka yi game da dalma. In ya yi dariya ya ce ai shekara talatin yana yi ba abin da ya same shi, ku yi masa godiya ya kama gabansa. Wanda ya san aikinsa zai yi maganar gwaji, da sanfefa mai ruwa ko maganin narkar da fenti, ko inji mai haɗe da na'urar zuƙe ƙura mai matatar HEPA da ke kama ƙura mai laushi sosai, da shimfiɗa leda da rufe ƙofofi, bazai kawo wutar gas kusa ba, in na'urar hura zafi ce zai riƙe ta ƙasa da digiri 450 dan sama da haka dalmar hayaƙi take zama. Akwai dokar 2002 kan aiki da dalma da ta hau kan masu sana'a, ya kamata ya santa. Ku ga takardar inshorarsa da idonku. Ku tambaye shi in an tarar da ruɓa wa zai gyara kuma a nawa, dan mai fenti daban kafinta daban. Ku ce ya nuna muku gidan da ya yi shekara uku ko huɗu da suka wuce, na satin jiya kowa nasa kyau yake. Kafin alƙalami kaɗan za a bayar, cikon kuma sai kowace taga ta hau ta sauka a gabanku.

Nasa rabon kuma, ki nuna masa wannan wajen. Ya fara da tagar baya wadda ba mai gani, hannunsa ya faɗa tukun kafin ya zo ta gaban gida. Ya kwance makulli da mariƙai ya ajiye. Sai ya tura ganyen ƙasa sama ya jawo na sama ƙasa har su wuce juna, ta haka ne kawai zai kai ga katakon ƙasan ganyen sama da kullum yake ɓoye, ya shafe shi da iya inda hannunsa ya kai, sannan ya mayar da su kusan rufe ya ƙarasa na saman, sai na ƙasan, sai firam, dakali shine ƙarshe. Kullum daga jikin gilashi ake farawa a fito waje. Akwai burushi mai zagayayyen kai mai tsini da aka yi dan wannan aikin, ya nemi shi, kuma ya riƙa ɗiban fenti kaɗan, siraran hannu uku sun fi mai kauri ɗaya da zai yi hawaye ya ƙi bushewa. Wani abu da dattijon nan ya nuna min da ban manta ba, fentin sai ya wuce fotin ya hau kan gilashi kamar milimita 2, siririn layi kamar an ja kwalli, wannan layin shi ke hana ruwa shiga, mutane kuma sai su zo da reza su kankare shi tas suna ganin tsafta suka yi. Igiya da taya ba a shafa musu, igiyar ƙandarewa take ta tsinke. Gefen ganyen da ke zamewa a cikin hanya shi ma a barshi, a goga masa kyandir. A ƙarƙashin dakali akwai wani ɗan tsagi da ke sa ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango, kar ya cike shi. In ya gama kar ya rufe tagar ruf, ya sa tsinken ashana ya bar 'yar rata, bayan 'yan awanni ya motsa ta sama da ƙasa, washegari ma haka, har sati. Ya tashi aiki da la'asar dan raɓa kar ta sauka kan ɗanyen fenti. Tsumman da ya sha man linsid kar a dunƙule shi a jefa kwandon shara, da kansa yake kama wuta, a jiƙa shi da ruwa ko a shanya shi a waje. In ya zama dole ya ɗan goge tsohon fenti a wani waje to da ruwa, da takunkumin hana shaƙar ƙura mai lambar FFP3, kayan aikin ya cire su a bakin ƙofa a wanke su daban, ya yi wanka kafin ya ɗauki Hanif.

Ta ciki ya sa fenti mai ruwa, warinsa da sauƙi kuma yana saurin bushewa, amma ke dai ki nisanci ɗakin sai ya sha iska. Kuma tunda ana aikin a sa wa na sama 'yan ƙarafan nan da ke hana taga buɗuwa fiye da santimita 10, irin masu makulli da babba zai iya cirewa, dan Hanif ya kusa fara hawa kujera. Wani abu kuma da ya shafe mu musamman, girkinmu na tururi ne, tafasar nama, tuwo, dambu, ga shanya a kan hita, duk ruwan nan a jikin gilashi yake kwana ya gangaro kan katakon ta ciki, na ga tagar kicin da ta ruɓe daga ciki alhali wajenta lafiya lau. In an gyara su ki riƙa sauke ganyen sama kaɗan ki ɗaga na ƙasa kaɗan lokacin girki, zafin ya fita ta sama iska ta shigo ta ƙasa, dama dan haka aka ƙera su.

Wani zai ce muku ku cire duka ku sa na roba ku huta. Kafin ku saurare shi ku duba shafin kansil, wato ƙaramar hukumarku, ko layinku na cikin unguwannin da aka killace dan tarihi, in haka ne canza taga na iya buƙatar izini, in gidan kansa na cikin rajistar gidajen tarihi kuwa laifi ne a taɓa ba izini. Sake fenti da kalar da take kai yawanci ba ruwan kowa. Kuɗin canza tara kuma ba kusa da fam 4,200 yake ba, kuma na gaya miki abin da dattijon nan ya ce kan katakon.

Saura yadda zaki faɗa masa, dan na san nan ne ya fi damunki. Kalmar bazaka iya ba kar ta fito daga bakinki, ba gaskiya bace ma. Mutumin da ya baro gida yana dutin dare a ƙasar mutane ya tara ya sayi gida, so yake ya ga hannunsa a jikin gidan, kuma duk fam ɗin da zai fita yana ganin fuskar wanda ya kamata ya tura wa a Funtua, wannan ba rowa bace. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce Baban Hanif ni na san zaka iya, abin da ke cikin tsohon fentin nake tsoro saboda yaran nan, dan Allah mu gwada kafin a fara. Ki miƙa masa tsinken ya yanka da kansa ya gani da idonsa. Shi ɗan Funtua ne, hanyar Gusau a ƙofar garinsu take, labarin Bagega ba baƙo bane a wajensa, ki ambata sau ɗaya kawai ki yi shiru. In da hali ku je awo tare ki yi tambayar a gabansa ungozoma ta amsa, wani lokacin magana ɗaya ce amma daga bakin mai yunifom ta fi shiga. Sannan ki kawo maganar rabon aikin a matsayin nasa ne huɗun da duk mai shigowa gidan zai fara gani.

In duk da haka ya ce sai ya kunna injin, to ki faɗa masa cikin ladabi ba tada murya cewa ke da Hanif bazaku kwana a gidan ba har sai an gama an share, kuma ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin masallacinku, ki yi masa bayanin dalmar yadda na yi miki. Wannan ba raini bane, amanar yara biyu ce a hannunki ɗaya ma bai fito ba. Amma ban zaci za a kai nan ba, uban da ya ga tsinken nan ya canza kala a hannunsa yana jin muryar ɗansa a tsakar gida, shi da kansa zai nemo rasit ɗin.

Ki rubuto min abin da gwajin ya nuna, in takardun farashin uku sun zo ki turo su mu duba tare kafin ku ba kowa ko fam ɗaya.